Dada a ƙarƙashin ɗankwali: abin dubawa kafin ki zauna a fara

Awa uku ko huɗu a gaban mai kitso, bayan sati biyu tsifa, sai wanki, sai taza, matsefi ya cika da gashi, sannan a koma a sake zama. Wadda ta gaji da wannan zagayen ita ce yawanci take fara tunanin dada, wato gashin da ake bari ya haɗe ya zama sili-sili, wanda wasu ke kira gashin Rasta. Sai dai akasarin bayanan da ke yawo a intanet an yi su ne domin matan da ke fita kai a buɗe, iska na busar musu da gashi yini guda. Ke kuwa 'yar'uwa, da ɗankwali kike wuni, in za ki fita ki ɗora hijabi, in kuma matar aure ce kanki na shan ruwa sau da dama a sati. Don haka tambayar da ta fi kowacce nauyi a wajenki ta ruwa ce: zai shiga har fatar kai, kuma zai fita tas kafin ki rufe?

A fara da yadda abin yake haɗuwa, domin duk matsalolinsa daga nan suke tasowa. Kowane kai yana zubar da gashi 50 zuwa 100 a rana. A kitso, wannan gashin ne yake taruwa ki gan shi ranar tsifa har gabanki ya faɗi. A dada ba ya fita, yana nan cikin silin, yana naɗewa da wanda ke raye har su cure. Shi ya sa dada ke yin kauri da tsawo, ba don gashin ya ƙara saurin fitowa ba. Santimita ɗaya da ɗoriya yake yi a wata, da dada ko babu. Kuma shi ya sa yake yin nauyi shekara bayan shekara, yake shan ruwa kamar soso, yake riƙe duk abin da aka shafa masa. Gashi mai murɗiya irin namu ya fi saurin kamawa. Mai santsi, irin wanda ake gani a wasu gidajen Fulani da Shuwa, yakan ɗauki lokaci mai tsawo yana warwarewa kafin ya yarda.

Hotunan da ke ba ki sha'awa na dadan da ya shekara biyu ko uku ne. Watanni shidan farko silin yana da laushi, ruwa kaɗan ya warware shi. Daga nan zuwa shekara guda sai ya kumbura ta tsakiya, ya yi buzu-buzu, ya tsuke har ki ga kamar gashinki ya ragu, wani ya miƙe sama wani ya kwanta. Sai wajen wata 18 yake daidaita, bakinsa ya rufe, ya fara zubowa. A nan mai rufe kai ta fi kowa sa'a, domin wannan lokacin na muni ɗankwali ya rufa mata asiri. Amma idan akwai biki a gabanki, musamman naki, ki jinkirta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyar farawa da kaurin sili su ne shawara biyun da ba a gyara su cikin sauƙi. Akwai murɗi da tsinin matsefi, wanda ke yi wa gajeren gashi mai santimita 5 zuwa 7. Shi ya fi ba da sili mai kyan zagaye, shi kuma ya fi saurin warwarewa a ruwa, don haka bai dace da mai yawan wanka ba. Akwai murɗin gida biyu, a raba gashi biyu a naɗe su da juna. Yana riƙewa, sai dai alamar murɗin kan kai wata shida zuwa shekara kafin ta ɓace. Akwai kalaba ƙanana, wadda ta fi su duka jure ruwa, amma silin kan fito da ɗan faɗi kuma zanen kalabar na iya zama a bakinsa har abada. Akwai allurar kwarashi mai siririn baki, milimita 0.5 zuwa 0.75, da ake cusa gashi da ita a samu dada a rana ɗaya. A hannun wadda ba ta ƙware ba allurar tsinka gashi take yi daga ciki, ba za ki sani ba sai bayan watanni sili ya fara sirancewa a wurare. Sannan akwai zarge, inda ake ɗaukar bakin sili a zura shi ta gindinsa a jawo. A ganina, mace mai jiƙa kai akai-akai ta fara da murɗin gida biyu ko kalaba, ta riƙa gyara sabon tsiro da zarge. Gindin da aka zarge ruwa ba ya kwance shi, alhali wanda aka murza da jel wanka ɗaya ya isa ya mayar da aikin baya.

Zarge yana da ƙa'ida. Ana shiga gindin ta fuska huɗu bi da bi, gaba, dama, baya, hagu. Idan aka shiga ta kafa ɗaya sau biyu a jere, gindin zai rabu biyu ya bar rami, nan ne kuma zai tsinke wata rana. Ki sa ido a kan hannun mai yi miki.

Game da kauri: sili mai kaurin fensir yakan ba da sili 60 zuwa 100 gwargwadon cikar gashi. Masu kaurin yatsa ba su da yawan aiki, amma bushewarsu wahala ce, a ƙarƙashin hijabi kuwa ban ba ki shawararsu ba. Ƙananan sosai suna saurin bushewa, suna kwanciya luf a ɗankwali, har kitso ana yi da su. Sanannen nau'insu shi ne Sisterlocks, wanda Dokta JoAnne Cornwell ta fito da shi a Amurka a 1993. Silinsa kan kai 400, zaman farawa kan ci kwana biyu, kuma duk sati 4 zuwa 6 sai an koma an matse gindi. In kika yi wata uku ba ki je ba, siraran gindin su kama juna ko su tsinke. Kada ki fara wannan sai kin tabbatar akwai wadda ta iya shi a garinku, ko kin shirya koyon yi da hannunki. Ko wanne kika zaɓa, faɗin tsagar kada ya gaza kaurin silin, domin gindin ne zai ɗauki nauyin shekaru biyar masu zuwa. A jera tsagar kamar jerin bulo, kada layi ya hau kan layi, sannan a ƙyale ƙananan gashin goshi, kada a tilasta su shiga sili.

Yanzu ga maganar tsarki, wadda ita ce ke hana mata da yawa barci a kan wannan shawara. Asalin hukuncin yana cikin hadisin Ummu Salama a Sahihu Muslim: ta ce wa Manzon Allah (SAW) ita mace ce mai tsananta kitso, shin sai ta tsefe don wankan janaba? Ya ce a'a, ya ishe ta ta zuba ruwa a kanta cikin hannu sau uku, sannan ta game jikinta. Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce mace ta matsa gashinta, ba sai ta warware kitso ba. Amma malaman Malikiyya sun sa sharaɗi: idan kitson ya tsananta har ruwa ba ya ratsawa, sai an warware. Hambalawa kuma sun ce a warware don wankan haila. Dada kuwa ba a warware shi a sake mayarwa. Don haka in za ki tambayi malami ko malama, ki yi bayanin abin yadda yake, kada ki ce "kitso" kawai. Abin da ya shafi sana'a shi ne wannan: dadan da ba a cusa masa komai ba yana shan ruwa har cikinsa, fatar kai kuma a buɗe take ta tsagogi, ta fi ta mai shuku sauƙin kaiwa. Wanda ke hana ruwa shiga shi ne dadan da aka cika da kakin zuma ko basilin. Ki zuba ruwan a gindi, ki cuɗa fata da cikin yatsu, ki riƙa matsa silin kamar mai matsa soso har ki ji ya jiƙe.

Ƙarin gashi kuma maganarsa daban. Hadisin la'antar mai ƙara gashi da wadda ake ƙara wa yana cikin Bukhari da Muslim, kuma dadan kanti da ake naɗawa a kan gashi, ko wanda ake ɗinka wa baki don ya yi tsawo tun ranar farko, a wajen malamai da dama nan ya faɗa. Ki faɗa wa mai gyaran tun kafin ki zauna cewa da gashinki kaɗai kike so, domin a wasu shagunan ƙari shi ne abin da suka saba.

Shigar ruwa ke nan. Fitarsa ita ce babbar wahala. Dadan da ya nuna yana iya bushewa a waje alhali cikinsa a jiƙe yake, kuma mai kauri kan ci yini bai gama ba, balle da damina. In aka rufe shi a haka sau da yawa, fumfuna ke kama cikinsa, ya riƙa warin tsumman da aka manta a bokiti. Turaren wuta da humra ba sa kashe wannan wari, haɗuwa suke yi da shi. Tsarin da ke aiki shi ne: bayan wanka ki matse silin da hannu daga gindi zuwa baki, kashi-kashi. Ki naɗe kan da tsohuwar riga mai laushi mai duhun launi na minti 15, ki canza wata busasshiya. Kada ki yi amfani da farin tawul mai gashi-gashi, domin zarensa shiga sili yake, ya zauna kamar furfura, ba ya kuma fita. Daga nan sai diraya a matsakaicin zafi, ko ki zauna a tsakar gida ko gaban fanka kai a buɗe. Ki gwada da silin ƙeya mafi kauri: ki matsa shi tsakanin yatsu, in kin ji sanyi bai bushe ba. Wanki da sabulu a yi shi da safe, kada a yi da dare. In dole ta sa kika jiƙa kai da asuba kuma fita za ki yi, ki ɗaura ɗankwali mara nauyi sakwa-sakwa, da kin dawo ki buɗe. Macen da ke barin gida ƙarfe bakwai ta dawo magariba, kuma wuta ba ta samuwa a unguwarsu, ta yi wa kanta wannan lissafin da gaske kafin ta fara.

Wankin kansa ba shi da wuya. Duk sati ɗaya ko biyu, ki tsinka shamfu mai garai-garai, wanda ba shi da maiƙo, cokali biyu a kofin ruwa, ki zuba a fatar kai, ki cuɗa, ki bar kumfar ta gangara cikin silin. Ɗauraya ta ninka wankin tsawo, sai ruwan da kike matsowa ya fito fari tas. A watannin farko ki ɗaure gashin kashi shida ko takwas da roba kafin ki jiƙa, don kada ya warware. Masu cewa kada a wanke sabon dada har wata uku ba su kyauta ba. Gashi mai tsabta ya fi saurin kamawa, datti da maiƙo santsi suke sa shi.

Abin da zai fi ba ki mamaki shi ne yawancin kayan gyaran gashin da muka gada ba sa tafiya da dada. An yi su ne don gashin da ake tajewa, inda matsefi ke fitar da abin da ya rage. Man kaɗanya daskarewa yake a cikin sili, musamman da hunturu, ya kama ƙura ya zama farin danƙo. Man shanu in ya kwana biyu a ciki sai ya yi ɗoyi. Garin shebe na matan Chadi, da lallen da ba a tace ba, ɓarɓashinsu maƙalewa yake, ki yi ta ɗauraya yana fitowa har wata guda. In za ki sa lalle, ki tace ruwansa da ƙyalle mai laushi. Karkashi yauƙinsa warware gashi yake yi, wato kishiyar abin da kike nema a shekarar farko, haka ma kwandishana. Sabulun salo yana wanki, amma in ruwanku na rijiya ne ko burtsatse mai gartsi, sai ya bar wani farin dafi-dafi da ke liƙewa. Kanwa kuwa busar da gashi take ta sa shi karyewa. Abin da dada ke buƙata kaɗan ne: fesin ruwa sau biyu ko uku a sati, da hunturu kullum, sai ɗigon mai mara nauyi kamar man zaitun ko na kwakwa, kwatankwacin ƙaramin cokali ga kai duka, a fata ba a sili ba.

Idan danƙo ya riga ya taru, ki haɗa ruwan khal na tuffa kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu, ki zuba bayan wanki, ki bari minti biyar, ki ɗauraye. Mai tsanani kuma a jiƙa shi minti 15 zuwa 20 a ruwan ɗumi rabin baho da bekin soda kwatan kofi, ana matsawa, a ɗauraye, sannan a bi da ruwan khal ɗin. Kada a zuba su tare a baho ɗaya kamar yadda ake nunawa a bidiyo. Kumfar tana da ban sha'awa, amma kashe ƙarfin juna suke yi. Sau biyu a shekara ya isa.

Hular da ke ƙarƙashin hijabi ma abin dubawa ce. Ta auduga tana tsotse danshi tana barin zare. Ki nemi mai santsi irin satin, baƙa ko mai launin gashinki, ki kwana da ita, ki share gida da ita, ki yi girkin itace da ita, domin dada yana riƙe hayaƙi da ƙura fiye da kitso.

Sai gindin gashi. Cinyewar gaban goshi da yawancinmu muka sani daga matsattsen kitso tana samun masu dada, har ta fi, saboda nauyi. Dalilanta uku ne: yawan murza gindi don a ga tsaga fes, ɗaure gashi sama da ƙarfi, da tsawon da ya wuce ƙarfin gindi. Kada a taɓa gindi ƙasa da sati 4, shida zuwa takwas ya fi, kuma kada a murza shi a bushe. In an gama gyara kika ji kanki na zafi, ko ƙananan ƙuraje suka fito a bakin tsaga, an matse da yawa. Ba "zai saki" ba ne, a sassauta a take. Ki riƙa ɗaurewa ƙasa a ƙeya, kina canza wurin ɗaurin, wanda kuma zai raba ki da tozon da ke tasowa a ƙarƙashin hijabi. Silin da gindinsa ya sirance a haɗa shi da maƙwabcinsa tun kafin ya faɗi. Idan aka kama abin da wuri gashi na dawowa, amma in ja ya daɗe har ramukan gashin suka yi tabo, wurin ya tafi ke nan.

Akwai waɗanda ya kamata su dakata. Mai ciki da mai jego: wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa gashi kan zuba da yawa, musamman a gefen goshi, sabon dada kuma ba shi da gindin da zai jure, ki bari jaririn ya kusa shekara. Wadda gaban kanta ya riga ya cinye ta fara jinyarsa tukuna. Mai rilaksa a kai ta sani cewa mahaɗar gashin da aka miƙar da sabon tsiro wuri ne mai rauni, kuma miƙaƙƙen ba ya kamawa da kyau. Gara ta bari sabo ya kai santimita 7 zuwa 10 ta yanke tsohon. Mai amosani mai yawa ta magance shi kafin ta fara, domin ɓawonsa shiga sili yake; shamfu mai sinadarin ketoconazole sau biyu a sati, a bar shi minti biyar a fata, na sati biyu zuwa huɗu, shi ne abin da likitoci suka saba bayarwa. Makero kuwa shafe-shafe ba ya kashe shi, sai maganin sha daga asibiti. Uwar 'yan makaranta kuma ta tuna da kwarkwata: dada ba ya jawo ta, amma in ta shiga babu damar tajewa, sai magani sau biyu da tazarar kwana 7 zuwa 10, da tsince ƙwai da hannu sili bayan sili.

Mutane fa? A ƙasar Hausa curarren gashi yana tuna wa da yawa mahaukacin kasuwa, ko yaron da aka haifa da dada ana ta camfi a kansa, ko mashaya. Wasu kuma za su ce koyi ne da 'yan Rasta, waɗanda aƙidarsu ta taso a Jamaika a shekarun 1930. Gashin dai ya girme su nesa ba kusa ba, kuma a Senegal 'yan Baye Fall, mabiya Shehu Ibrahima Fall a ɗariƙar Muridiyya, da shi aka san su. Ko a Amurka sai a 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar hana nuna wa ma'aikaci ko ɗalibi bambanci saboda irin wannan gashi. Amma ke ba duniya ce za ta ga kanki ba. Maigida ne, da mahaifiya, da uwar miji, da matan da za ku haɗu a ɗakin biki. Ra'ayin waɗannan ki ji shi tun kafin ki fara. Ki nuna wa maigida hoton dadan wata shida, ba na shekara uku kaɗai ba, ki kuma gaya masa cewa zane da shuku da canjin kitso duk sati biyu sun ƙare, sai dai abin da za a iya yi da silin.

Fita daga dada tana yiwuwa ba tare da aski ba, sai dai aiki ne. Ana yanke bakin silin kaɗan, a jiƙa shi da kwandishana ko karkashi (a nan yauƙin ya yi rana), a riƙa tsefewa da tsinin matsefi daga baki zuwa gindi. Sili ɗaya da ya nuna kan ci awa guda ko fiye, ki ninka da 80. Gashin da za ki tara a ƙasa zai tsorata ki, amma yawancinsa wanda ya zube ne tun shekarun baya yana maƙale. A watanni shidan farko kuwa tsifar ba ta wuce ta ƙananan kalaba ba.

Wannan ne ya sa gwajin da ya fi kowanne amfani ba ya cin ko sisi. Ki sa a yi miki murɗin gida biyu da gashinki, da irin tsaga da kaurin da kike so dadan ya kasance, ki bar shi sati shida. Ki yi wankanki a kansa, ki wanke shi duk sati, ki riƙa duba agogo daga lokacin da kika jiƙa zuwa lokacin da silin ƙeya ya daina sanyi, sannan ki ninka wannan lokacin sau biyu ko uku, domin haka zai zama in ya nuna. In lissafin bai shiga cikin yininki ba, ki tsefe a sati na shida kafin ya fara kamawa. In ya shiga, kada ki tsefe. Ki je a zarge miki gindin.